Jikan Masu Ƙasa Ya Riƙe Mini Fasfo

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Noma na iya da tuƙi, kuma na iya rufe bakina. Da su na shiga Doha.

Ejan da ya kai ni cewa ya yi direba zan yi a gidan wani Balarabe, da ɗakina ni kaɗai. Abin da na tarar shi ne Sanaiya, unguwar garejoji da ɗakunan leburori, gado bisa gado, takalmin wani a kan fuskarka. Wanke injin manyan motoci aka ba ni. Ranar da na sauka wani mutum mai fara'a ya karɓi fasfona, ya ce za a yi mini katin zama da shi. Katin ya fito. Fasfon bai dawo ba. Tun daga ranar, duk wanda ya yi mini murmushi a ƙasar nan hannunsa nake fara dubawa.

A garejin na haɗu da Tanko, Bahaushen Zango daga Kumasi, makanike. Ya girme ni, ya daɗe a Doha, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya ba ni bargo a sanyin farko, shi ya nuna mini inda ake sayar da garin masara. Ban gode masa da wuri ba, jira nake in ga abin da zai nema. Bai nemi komai ba sai wanda zai tsokana.

"Ɗan ƙauye," ya ce da ni wata rana, "kafil ɗinmu yana da gona a Ummu Salal, direbansu ya gudu. Ka ce ka iya noma, ka iya tuƙi. Je ka. Ko ba komai ka daina warin baƙin mai."

Kafil shi ne mutumin da zamanka a ƙasar yake wuyansa. Namu ban taɓa ganinsa ba, sunansa kawai nake gani a jikin motoci.

Gonar Ummu Salal rumfunan leda ce a tsakiyar rairayi. Tumatir da kokwamba, ruwa na ɗiga musu ta siraran robobi. Mai kula da ita Bature ne, dogo, ya fara tsufa, mutumin wata ƙasa da ake kira Danmak. Sunansa Yens, ma'aikata na ce masa Mudir, wato shugaba. Sunan gidansu dogo ne, harshena bai taɓa ɗauka ba. Aikina in kai kaya kasuwa a mota mai firji, shi kuma yakan zauna gefena, don ba ya yarda wani ya yi ciniki a madadinsa. Turancina na gareji ne, Larabcinsa na kasuwa. Da haka muke magana, muna cikawa da hannu.

A mako na farko ya fara ba ni labarin gidansu. Ban tambaye shi ba.

Ya ce kakansu na farko jarumi ne, ya yi wa wani sarki yaƙi, sarkin ya yanka masa ƙasa a wani tsibiri: gonaki da daji da ƙauyuka, har da mutanen cikin ƙauyukan. Aka gina gida na jan bulo, aka kewaye shi da ruwa, sai ta gada ake shiga. Ya nuna mini hoton a waya ina tsaka da tuƙi. Ya ce wani cikin kakannin ya bi sarkin da aka kayar, aka ƙwace rabin ƙasar. Ɗansa ya dawo da ita ta hanyar auren 'yar masu ita. Ya ce akwai wata kaka da mijinta ya mutu ya bar ta da ƙananan yara, ita ta fi duk mazan gidan ƙarfin hali. Ta riƙa sayen gonakin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har ta rushe wani ƙauye guda don gonarta ta miƙe ba lanƙwasa.

"Mutanen ƙauyen fa?" na ce.

"Aka mayar da su wani wuri."

"Sun yarda?"

Ya yi dariya. "Ilu, ba a tambayarsu a lokacin."

Ni dai ban saki jiki ba. A wurinmu mai asali ba ya faɗin asalinsa da bakinsa, wasu ke faɗa masa. Wanda ya zauna yana lissafa maka kakanninsa da gonakinsu, ko maƙaryaci ne ko akwai abin da yake so a wurinka. Na riƙa jira in ga wanne ne.

Na gaya wa Tanko ranar wata Juma'a da muka haɗu a masallaci. Ya ce, "Kai da Bature ya mai da aboki kake ƙorafi? Ni mudir ɗina sunana ma bai sani ba, Gana yake kirana."

"Mai wannan gidan me ya kawo shi shukar tumatir cikin rairayi?"

"To tambaye shi mana, ɗan ƙauye. Bakin naka na cin tuwo ne kawai?"

Na tambaye shi. Muna kan hanyar kasuwa, na ce, "Mudir, ƙasar gidanku yanzu ta wa ce?"

"Ta yayana."

"Kai fa?"

"Ni na samu sunan gidan da agogon kakana."

"'Yan'uwanku mata?"

"Sun samu cokulan azurfa."

Ya ce haka gidansu yake tun asali. Babban ɗa ke ɗauke ƙasar duka, ba a yanka ko taki. A da doka ce, daga baya hukuma ta soke dokar, har ta karɓi wani yanki ta raba wa talakawa, amma su ba su daina ba. Ubansu tun yana da rai ya miƙa wa babban. Ƙanana sai su tafi soja ko jirgin ruwa, ko su zo nan irinsa.

Na ce, "Wannan ba gado ba ne, ƙwace ne."

"Shi ya sa har yau ƙasar tana nan," ya ce. "Ƙasar da aka raba ta mutu. Yau rabi, gobe kwata, jikoki su tashi da wurin ɗaure akuya."

Na ci gaba da tuƙi. Ƙasarsu ce.

Akwai labari ɗaya da ya tsaya mini a wuya. Ya ce a zamanin kakanninsa namijin da aka haifa a ƙasarsu ba shi da ikon barinta sai da takardar izini daga mai gida. In ya gudu a kamo shi. A tsakar gidan akwai dokin katako mai kaifin baya, a ɗora mutum a kai, a ɗaura masa duwatsu a ƙafafu, ya wuni. Ya ce dokin yana nan har yau, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto da shi. Yana faɗa yana girgiza kai kamar abin ya dame shi. Ni kuwa ina tunanin direban da ya gudu kafin in zo. Na ce a raina, wannan labari ne ko kashedi?

Cikin damina ta gida babanmu ya rasu. Ƙanwata Larai ta kira ni ina loda kokwamba. Na gama lodin, na kai kasuwa, na dawo, sannan na zauna bayan rumfa. Mudir ya same ni can. Ya ajiye mini ruwan sanyi ya tafi. Washegari ya ce in kira masa gida ya yi gaisuwa. Na kira yayanmu Mamuda ta bidiyo, Mudir ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, Yaya Mamuda ya riƙa cewa madalla, madalla. Na ji daɗin abin a lokacin.

Babanmu gona ɗaya ya bari, amma ba iri ɗaya ba ce. Gefen rafi fadama ce, ana noman rani, albasa da rake. Sama kuwa fako ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa, ko gero da ƙyar. Mu kuma da yawa ne. A garinmu sai an kawar da amfani ake rabo. Malamai su fitar da rabon kowa, dattawa su zo da igiya, magada su bi su ƙafa da ƙafa, inda aka tsaya a dasa gamba ta zama iyaka. Ba a cin rabon wanda ba ya nan, amma ana zaɓar masa. Kuma ban taɓa jin an zaɓar wa wanda ba ya nan fadama ba. In gamba ta kama ƙasa, magana ta ƙare.

Larai ta ce, "Yaya Ilu, ka zo da ƙafarka. Yaya Mamuda yana ta cewa kai kana ƙasar kuɗi, ba ka bukatar fadama. Ni mace ce, in na yi magana cewa za a yi na cika baki."

Na je wurin Mudir. Na ce ina da hutun da ban taɓa ɗauka ba, ina son fasfona, zan je rabon gado bayan kaka.

Ya dube ni. "Raba gonar za ku yi?"

"E."

"Ku duka?"

"Kowa da haƙƙinsa."

Ya ce fasfon yana ofishin kafil a unguwar Mirƙab, wurin mandub, mutumin da ke bin takardun ma'aikata. Zai yi masa magana.

Kaka a gida ita ce farkon sanyi a Doha, lokacin da gona ta fi aiki. Na san haka, shi ma ya sani. Na sake tambaya, ya ce mandub ya yi tafiya. Na sake, ya ce an dawo amma ana neman mabuɗi. Na sake, ya ce, "Bukra, inshallah." Gobe ke nan. Baturen da ba ya salla ya iya inshallah fiye da liman. Labarin gidansu kuwa ya ƙaru. Yanzu duk na waɗanda suka raba ƙasa ne suka lalace. Wani maƙwabcinsu ya raba wa 'ya'yansa don tausayi, yau gidan otal ne. Wani reshe na danginsu ya yi haka, jikokin suna haya a birni.

A gida an yanke gero, an shiga dawa.

Wata rana aka aike ni Mirƙab ni kaɗai, in kai kaya wani kanti. Na ajiye motar, na tambayi masu gadi har na gano ofishin. Mandub ɗin yana cin abinci a kan tebur. Na gaishe shi, na faɗi sunana da na gona.

"Fasfon 'yan gona?" ya ce, bai ɗago ba. "Suna wurin mudir ɗinku tun bara. Shi ya ce a kai masa. Yalla, je ka, rufe mini ƙofa."

Na sauko a hankali. Ban ji mamaki ba. Wani irin sanyi ma na ji, irin na wanda ya daɗe yana jin motsi a ɗaki sai ga ɓeran.

Na biya ta Sanaiya. Tanko yana ƙarƙashin wata tirela, ƙafafunsa kawai ake gani. Na gaya masa. Na ce ina zargin Mudir da Yaya Mamuda sun haɗa baki tun ranar gaisuwa.

Ya turo kansa waje. "Da wane yare? Yayanka da madalla kawai ya iya, Baturen da bukra kawai ya iya? Kai, ɗan ƙauye, zarginka ya fara hauka."

"To me ya sa?"

"Tumatir, mana. Wa zai bar direba ya tafi a sanyi?" Ya goge hannu. "Ka ji, doka ta hana riƙe fasfo. Akwai ofishin ƙorafi, ana kuma samun gaskiya. Amma kafin a kira ka, a kira shi, a sake kiranku, an dasa gambar taku har ta yi fure. In kuma ya riga ka ya ce gudu ka yi, ka shiga uku."

"To?"

"To ban sani ba. Ni makanike ne. In mota ta ƙi tashi, inda take jin zafi nake taɓawa."

Da daddawa a hannuna na bar wurinsa, ya ce wata 'yar garinsu ta kawo masa, in ɗiba.

Larai ta sake kira. Ta ce an sa rana, Juma'ar sama, kuma Yaya Mamuda har ya yanko gamba ya jiƙa.

Washegari muna da babban lodi, tumatir cike da mota, wani otal ke jira. Mudir ya shiga gefena. Muka bar gona, muka hau babban titi. Ya fara labarin dajin gidansu, itatuwan da wani kaka ya dasa don a sassaƙa wa sarki jiragen yaƙi, kafin su girma an daina jirgin katako. Na bari sai da muka kai inda ba gida ba inuwa. Na sauka gefen titi. Na kashe mota, firjin ya yi shiru. Na zare mabuɗin na sa a aljihu.

"Me ya faru?"

"Na je Mirƙab."

Ya kalli aljihuna. Ko a sanyi ranar Doha rana ce. Ƙarfen motar ya fara ɗaukar zafi.

"Ilu, tada mota. Tumatir ba shi da laifi."

"Ni ma."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Yana durowata. Gaskiya ne."

"Don tumatir?"

"Da shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina bukatar direba." Ya juyo. "Amma ba shi kaɗai ba. Ka bar wa yayanka gonar ta zauna guda. Kai ka yi aiki nan, ka riƙa aika masa, ya gyara ta. Nan gaba 'ya'yanka za su sami wurin da za su nuna su ce daga nan muke. In kun yayyanka ta, ba abin da zai rage. Na ga ba za ka ji ba, na ce in lokacin ya wuce za ka huce."

Sai a lokacin na gane da gaske yake. Duk labaran nan ba ƙarya ba ne, ba kuma kashedi ba. Wa'azi yake mini. Abin ya fi ba ni tsoro a kan in ɓarawo ne. Ɓarawo ya san abin da yake yi.

Na ce, "Mudir, yayan naka ya taɓa ba ka kunya ɗaya ka shuka wani abu?"

"Ba haka ake yi ba."

"In ka je gida, ina kake kwana?"

Ya ce, "Sai na buga waya tukuna. In ba su da baƙi, akwai ɗaki a saman wurin dawakai." Ya kalli titi. "Dajin da nake ba ka labari, ya sayar da shi bara. Wani kamfani ya saya. A saƙon waya na ji."

"Bai tambaye ka ba?"

"Nasa ne."

"To."

"Amma gidan yana nan tsaye," ya ce da ƙarfi, kamar da wani yake musu ba ni ba. "Gidan yana nan."

Gumi ya jiƙa masa riga. Wayarsa ta yi ƙara, mutanen otal ne, bai ɗauka ba. Can ya zaro wani ƙaramin mabuɗi daga cikin nasa ya ajiye a gabana.

"Durowar hagu. In mun koma ka ɗauka. Halas, shi ke nan."

Na dubi mabuɗin, ban taɓa ba. In na buɗe durowar Bature da hannuna, gobe a ce wani abu ya ɓata, wa zai tsaya mini?

"A'a. Da hannunka za ka ba ni, a gaban mutane. Da takardar hutu. Yanzu, kafin otal."

"Har yanzu ba ka yarda da ni ba?"

"A'a."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Na tada mota, na juya.

A ofis na kira ma'aikata biyu da ke kusa, 'yan Nepal, suka tsaya bakin ƙofa. Ya buɗe durowar. Fasfo ne a ciki jere, an ɗaure da roba, kala-kala. Ya zaro koren ya miƙo mini. Na buɗe na ga fuskata, na duba ko an yage wani shafi. Mutanen biyu suna kallon durowar. Mudir ya mayar da sauran ya kulle. Daga baya Tanko ya ce ya ji wasu sun karɓi nasu. Ban sani ba, ban gani da idona ba.

Tumatirin ya isa otal a makare, aka mayar da wani sashe. Bai yi mini maganar ba. Har na tafi bai sake ba ni labarin gidansu ba.

Na isa garinmu ana gobe rabo. Yaya Mamuda ya gan ni a ƙofar gida, ya ce, "A'a, Ilu, ashe kana tafe?" Fuskarsa ta faɗi sauran. Da safe na bi igiya ƙafa da ƙafa. Da aka zo fadama ya fara cewa ai ni ba mazauni ba ne. Na ce ga ni a tsaye. Dattawa suka ce a yanka ta tsaye, daga rafi zuwa fako, kowa ya sami ruwa ya sami tsakuwa. Haka aka yi, har Larai. Ni na dasa gambata da hannuna.

Rabon nawa siriri ne. In na tsaya a wannan iyaka na miƙa fartanya, ta kusa taɓa waccan. Ba zai ciyar da gida ba, na sani tun kafin a ja igiya. Na tsaya ina kallonsa, maganar wurin ɗaure akuya ta faɗo mini, na ji haushin da ta faɗo. Yaya Mamuda kuwa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ina cikin kafa albasa saƙon murya ya shigo daga Mudir. Ya ce, "Ilu, kun raba? Yaya girmanta?"

Na saurara, na sake saurara, ina neman dariya a cikin muryar. Ban samu ba, amma ban tabbata babu ba. Na goge laka a jikin wando, na danna, na ce masa:

"Ƙarama ce, Mudir. Ina cikinta yanzu. Ban buga wa kowa waya ba."